Koyon Tuƙa Jirgin Iska a Tekun Jidda: Daga Sanin Iska Zuwa Karɓar Takarda

Duk mai zuwa Ubhur, bakin teku a arewacin Jidda, ranar Juma'a da yamma yana ganin ƙananan jiragen nan masu fararen ƙyallaye suna kai da komo ba ƙarar inji. Yawancin 'yan'uwanmu mazauna Jidda kallo kawai suke yi daga gaɓa, a ɗaukarsu abin na Turawa ne ko na masu hannu da shuni. Mallakar jirgi kam sai mai hali, amma koyon tuƙi bai bukatar ka mallaki komai, makaranta ce ke ba da jirgi da rigar ceto da malami. Garin da ya karɓi baƙuncin gasar share fage ta Kofin Amurka, tseren jiragen iska na duniya, a ƙarshen 2023 ba a rasa inda za a koya a cikinsa, maza da mata.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce wace takarda zai nema. Ka bar ta zuwa ƙarshe. Abin da ke gaba shi ne sanin iska, sai hannu ya faɗa, sai dokar hanya, sannan takarda. Wanda ya juya wannan tsari zai riƙe shaida a aljihu amma ya kasa mayar da jirgi inda ya ɗauko shi.

Kafin ka taka jirgi

Ka iya iyo, ko da mita 50 ne da tufafi a jikinka, kuma ka iya tsayawa a ruwa ba tare da firgita ba. Rigar ceto iri biyu ce. Mai ƙarfin niyuton 50 taimako kawai take yi wa wanda ya iya iyo, ita ake sawa a ƙaramin jirgi kusa da gaɓa. Mai niyuton 150 an yi ta ne don ta juya fuskar mutum sama ko ya suma, ita ce ta fita teku. Ka ɗaure igiyarta da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba da ka faɗa ruwa rigar za ta haye kanka.

Jallabiya da silifa ba su da wuri a nan: igiya na kama tufa mai faɗi, silifa na zamewa a jiƙaƙƙen katako. Wando da riga masu saurin bushewa, takalmi rufaffe mai tafin roba, hula mai igiya, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda za ka ga amfaninsa idan muka zo kan murjani. Ruwan sha kada ya gaza lita 3 ga kowane mutum a wuni. Iskar teku tana ɓoye zafi, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri kafin ya gane ƙishirwa ce.

Ka fara da ƙaramin jirgi mai mita 4 zuwa 5, na mutum ɗaya ko biyu. Babban jirgi yana yafe kuskure har mai shi ya kasa gane ya yi, ƙarami kuwa nan take yake nuna maka.

Sassan jirgi da aikin kowanne

Dogon ƙarfen da ke tsaye a tsakiya shi ne dirka, a bakin ruwa za ka ji ana cewa sari. Babban ƙyalle, wato shira'i, yana bayan dirka, gindinsa ɗaure da sandar kwance. Wannan sandar ita ce ke fasa kawunan sababbi. A gaban dirka akwai ƙaramin ƙyalle. Kowane ƙyalle yana da igiya iri biyu: igiyar ɗagawa, wadda ke kai shi sama a bar ta a ɗaure, da igiyar ja, wadda ke matso da shi ciki ko ta sake shi waje. Igiyar ja ta babban ƙyalle ita ce linzamin jirgi. A ƙaramin jirgi ba a ɗaure ta, a hannu take zama, domin sakinta shi ne birki.

A baya akwai daffa, allon da ke cikin ruwa yana juya jirgi, da sandar tuƙi da ke riƙe da shi. Sandar tana aiki a juye: ka tura ta hagu, goshin jirgi ya nufi dama. Daffa ba ta da wani tasiri sai ruwa na gudu a jikinta, saboda haka jirgin da ya tsaya ba ya tuƙuwa.

A ƙarƙashi akwai allon ciki da ake saukarwa a ɗaga. A manyan jirage ƙarfe ne mai nauyi a kafe. Ba don shi ba, da iska ta tura jirgi gefe kawai. Shi ke tokare ruwa, ƙarfin iskar ya koma tafiya gaba.

Ƙulli uku sun ishe ka farawa. Ƙullin takwas a bakin igiyar ja don kada ta zare. Naɗin ɗaure jirgi a ƙahon ƙarfe: zagaye ɗaya cikakke a gindi, takwas biyu, sai makulli. Na uku shi ne zoben da ba ya zamewa: ka yi ƙaramin zobe a jikin igiya, ɓangaren baki a sama, ka shigo da bakin ta ƙasan zoben, ka zagaya bayan doguwar igiyar, ka mayar da shi cikin zoben, ka ja. Ka yi ta maimaita shi a gida har ka iya ido rufe.

Daga ina iska take

Wannan tambayar ba ta barin kan matuƙi ko na minti ɗaya. Ka ji ta a kunnuwa: ka juya fuska har ƙarar ta daidaita a kunne biyu, to kana fuskantarta. Ka dubi tutoci, ka dubi jiragen da ke kan anka, goshinsu yakan fuskanci iska. Baƙin tabo mai tafiya a kan ruwa kuwa guguwa ce ƙarama ke zuwa, ka shirya sassauta igiya.

Jirgi ba ya shiga cikin iska kai tsaye. Kimanin digiri 45 ta dama da 45 ta hagun inda take fitowa haramtaccen fili ne, ƙyalle zai yi ta kaɗawa jirgi ya tsaya. A bakin wannan fili ake tafiyar matsi: ƙyallaye a ja su ciki sosai, allon ciki a ƙasa gaba ɗaya. Idan iska tana bugowa daidai gefe, digiri 90, ƙyallaye su fita rabi, allo rabi. Nan ne tafiya ta fi sauƙi da daɗi, nan ake fara koyo. Idan tana bayanka, ƙyalle ya fita har ƙarshe, allo ya rage kwata a ruwa. Sababbi suna ɗauka wannan ce tafiya mafi aminci saboda jirgi ba ya karkata kuma iska kamar ta kwanta. Ita ce mafi haɗari, domin ƙaramin kuskuren hannu zai sa iska ta kama bayan ƙyalle, sandar kwance ta tsallako da ƙarfin gaske.

Daidaita ƙyalle ƙa'ida ɗaya ce: ka saki igiya har bakin ƙyallen na gaba ya fara rawa, sai ka ja kaɗan har ya daina. Kusan kowane sabo ja yake yi fiye da kima, jirgi ya karkata, gudu ya ragu, shi kuma yana jin kamar aiki yake. A jikin ƙaramin ƙyalle akwai zaruruwa ta fuska biyu. Su kwanta a miƙe duka, to daidai ne. Na ɓangarenka ya yi rawa, ka ja igiya ko ka kau da goshi daga iska. Na bayan ƙyalle ya yi rawa, ka saki ko ka matsa wajen iska.

Ana auna iska da uƙda, uƙda ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa, wato mita 1,852. Uƙda 7 zuwa 10 ita ce ta koyo. Daga 11 zuwa 16 fararen kumfa sun fara bayyana, sai wanda hannunsa ya faɗa. Daga 17 zuwa 21 sabo ba shi da abin yi a ƙaramin jirgi.

A Jidda iska galibi daga arewa ko arewa maso yamma take. Da safe a kwance take, wajen azahar ta fara tashi, la'asar ta kai ƙarfinta. Don haka darasin farko na safe ne. Kuma akwai tarkon da ya kamata ka sani tun yanzu: tafiya kudu ba wuya, iska na bayanka, kafin ka ankara ka yi nisa. Dawowa arewa kuwa sai da karkace-karkace. Mil ɗaya a miƙe yana zama kusan ɗaya da rabi, ga igiyar ruwa tana dukan goshi, ga iskar la'asar ta ƙaru. Ka fara nufar inda iska ke fitowa da sauran ƙarfinka, ka bar mata aikin mayar da kai gida.

Fita ta farko

Ka juya goshin jirgi ya fuskanci iska kafin ka ɗaga komai. Ka duba toshiyar ramin fitar da ruwa tana wurinta, ka duba daffa ta kulle a mazauninta. Ka saki igiyar ja, ka ɗaga babban ƙyalle har ƙarshen dirka, sannan ƙarami. Idan ka ɗaga ƙyalle igiyar ja na ɗaure, ko iska na gefe, jirgi zai tafi kai ba ka shirya ba.

Ka zauna a ɓangaren da iska ke bugowa, kana fuskantar ƙyalle, hannun baya a sandar tuƙi, hannun gaba a igiya. Ka zaɓi wani abu a gaɓa, gini ko hasumiyar masallaci, ka nufe shi da iska a gefenka. Ido a gaba, kada ka kalli hannunka. Motsin sanda kaɗan-kaɗan ne, wanda ke kaɗa ta da yawa birki yake taka wa kansa. Ka gwada tsayawa tun kafin ka bukace ta: ka saki igiya duka, ka ɗan matsa goshi wajen iska, jirgi zai lafa. Ka ja igiya ya sake tashi. Ka yi haka sau da yawa a fili kafin ka kusanci dandamali, inda ake ɗaure jirage.

Juyi biyu

Juyi ta goshi shi ne wanda goshin jirgi ke ratsa iska. Ka tabbatar kana da gudu. Ka waiga ka ga ba kowa a inda za ka juya. Ka ce wa abokin tafiya "a shirya", ka jira ya amsa. Ka tura sandar tuƙi wajen ƙyalle, a hankali amma ba tsayawa. Ƙyalle zai kaɗa, sandar kwance ta zo tsakiya, ka sunkuya ka tsallaka kana kallon gaba, ka sauya hannuwa ta bayanka. Abokinka ya saki igiyar ƙaramin ƙyalle lokacin da ya fara kaɗawa, ya ja ta ɗaya gefen bayan goshi ya wuce. Da ƙyalle ya cika, ka mayar da sanda tsakiya.

Abin da ke lalacewa a nan shi ne maƙalewa: jirgi ya tsaya goshi cikin iska, ya fara ja da baya. Dalili ɗaya ne cikin uku, ko ba gudu, ko an mayar da sanda tsakiya da wuri, ko allon ciki na sama. Magani: ka tura sandar kwance da sandar tuƙi duka zuwa gefe ɗaya, ka bar jirgi ya ja baya har iska ta koma gefensa, sai ka miƙar da sanda ka ja igiya.

Juyi ta baya shi ne wanda bayan jirgi ke ratsa iska, kuma a nan ƙyalle ba ya hucewa ko daƙiƙa ɗaya, da ƙarfinsa yake tsallakawa. Ka ja igiyar babban ƙyalle ciki tukuna don rage tazarar da sandar za ta yi. Ka yi gargaɗi da murya sosai. Ka ja sandar tuƙi nesa da ƙyalle. Da sandar kwance ta tsallaka, ka miƙar da tuƙi nan take ka saki igiya da sauri. Wanda ya yi jinkirin miƙarwa, jirgi zai ci gaba da juyawa ya kwanta da shi. Idan iska ta fi ƙarfinka, babu kunya ka zagaya ta doguwar hanya ka juya ta goshi.

Idan abu ya ɓaci

Jirgi ya karkata sosai, sanda na ja da hannunka, goshi na neman shiga iska da kansa: ƙyalle ya yi wa iskar yawa. A rage shi. A jirage masu ɗaki akan yi ragin farko wajen uƙda 15 zuwa 18. Ka matsa wajen iska, ka sassauta igiyar ja, ka sauke igiyar ɗagawa zuwa alamar farko, ka maƙala zoben gaba, ka sake ɗaure igiyar ɗagawa tam, sannan ka ja igiyar ragi ta baya. Lokacin yin sa shi ne sa'ad da tunanin ya fara zo maka, ya fi sauƙi ma tun a dandamali. Jirgin da aka rage wa ƙyalle sau da yawa ya fi gudu, domin a miƙe yake tafiya.

Ƙaramin jirgi zai kife da kai, wannan cikin karatu yake, malami nagari ma da gangan zai sa ka kifar da shi. Da ka faɗa, ka kira abokinka ka ji muryarsa. Kada ka rabu da jirgi ko gaɓa ta yi kusa a ido: jirgin da ya kife ana hango shi daga nesa, kan mutum kuwa ba a gani. Ka saki igiyar ja, ka zagaya ta baya zuwa allon ciki, ka hau shi kusa da jikin jirgi, ka kama baki ka jingina baya. Abokinka ya kwanta a ruwa ta cikin jirgi, idan jirgin ya miƙe sai ya kwaso shi, shi kuma ya jawo ka. In ka manta sakin igiya, jirgi zai miƙe ya tafi ya bar ka.

Mutum ya faɗa daga babban jirgi: a yi ihu, a jefa masa zoben ceto, a sa mutum ɗaya ya nuna shi da yatsa ba ya kau da ido ko me ake ciki, a danna maɓallin ajiye wuri a na'urar GPS. A dawo masa da iska tana bugowa ta gaba-gefe, yadda sakin igiya zai tsayar da jirgi a kusa da shi. In an tayar da inji, a fitar da giya kafin a iso, farfela tana yanka. A yi atisayen wannan da bokiti ɗaure da balan-balan har kowa a jirgin ya iya, har da wanda ba shi ne matuƙi ba, domin wata rana matuƙin ne zai faɗa.

Wajen dawowa dandamali, ka shigo goshi na fuskantar iska, a karkace kamar digiri 30, da gudun da ba za ka ji tsoron bugawa da shi ba. Robobin kariya a rataye, igiyoyi a shirye. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da dandamali.

Murjani da anka

Abin da ya bambanta Bahar Maliya da tekuna da yawa shi ne sha'ab, duwatsun murjani da ke tasowa daga zurfi kamar bango. Na'urar auna zurfi za ta nuna mita 30, tsawon jirgi biyu a gaba kuma rabin mita. Taswirar wasu wurare tsohon awo ce, GPS na iya nuna kana cikin mashigi alhali kana kan dutse. A nan ido ne shugaba. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Shuɗi mai haske zuwa kore yashi ne marar zurfi. Ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya murjani ne dab da sama. Launukan nan ba sa fitowa sai rana tana sama kuma tana bayanka, daga hantsi zuwa kafin la'asar. Gaɓar Saudiyya ta yi sa'a a nan: ka fita yamma da safe rana na bayanka, ka dawo gabas da yamma tana bayanka. A gaɓar Bur Sudan abin a juye yake. Ka sa mutum a goshi da tabaran nan, a tsaye, yana nuna hanya da hannu. Ba a ratsa murjani da dare ko rana na cikin ido.

Cika da janyewar ruwa na kullum kaɗan ne a wajen Jidda, amma tsayin teku yana sauyawa da lokacin shekara, da sanyi ya fi na bazara. Inda ka wuce lafiya a Janairu kana iya gogar dutse a Agusta.

Anka a kan yashi ake sauke ta, farin fili tsakanin duwatsu. A kan murjani tana kashe abin da ya yi shekaru aru-aru yana girma, kuma takan maƙale har a yanke ta. Ka tsayar da jirgi goshi cikin iska, ka sauke ta a hankali, kada ka jefa, sarƙa za ta taru a kanta ta hana ta kamu. Lissafi: zurfin ruwa haɗe da tsayin goshi, sau 4 in sarƙa ce, sau 6 zuwa 7 in igiya ce. Zurfin mita 5 da goshi mita 1, sarƙa mita 24 ke nan. Ka duba abu biyu a gaɓa da suka yi layi ɗaya, in suka rabu anka na ja. Kafin a tayar da salla a jirgi a tabbatar da wannan, kuma a bar mutum ɗaya yana gadi.

Dokar hanya

Dokokin hana karo a teku na duniya an amince da su a 1972, suka fara aiki a 1977, kuma sun hau kan kowane jirgi, daga tankar mai zuwa naka. Doka ta 5 ita ce uwa: a sa ido da kunne a kowane lokaci. Ƙaramin ƙyalle yana rufe wani yanki na gabanka, ka riƙa leƙawa ta ƙarƙashinsa.

Tsakanin jiragen iska biyu, wanda iska ke bugo masa ta hagu shi ke kaucewa wanda take bugo masa ta dama. Hanya mai sauƙi ta ganewa: sandar kwance tana dama, to iska ta hagu take, kai ne mai kaucewa. In duka ta gefe ɗaya take bugo muku, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi ke kaucewa. Mai wuce wani ta baya shi ke kaucewa, ko da shi na iska ne wancan na inji.

A fili mai inji yana kaucewa mai ƙyalle, amma mai ƙyalle yana kaucewa mai kamun kifi da raga, da wanda aikinsa ya hana shi motsi, da wanda ya lalace. A ƙunƙuntaccen mashigi kuwa jirgin iska ko wanda bai kai mita 20 ba bai da izinin tare wa babban da ba ya iya fita daga mashigin hanya. Ka bi gefen damanka. Da ka tayar da inji ka sa giya, ka zama mai inji ko ƙyallenka na sama, kuma da rana sai ka rataya baƙar alama mai tsini ƙasa. Masu inji biyu gaba da gaba, kowa ya karkata dama. In hanyoyi sun gitta, wanda ke ganin ɗayan ta damansa shi ke kaucewa.

Mai kaucewa ya yi da wuri kuma a fili, juyi babba da za a gani daga nesa. Ɗayan ya riƙe hanyarsa da gudunsa, amma in ya ga wancan ba ya motsi, dole shi ma ya kauce. Wannan ya shafi Ubhur ranakun hutu, inda masu babur ɗin ruwa da yawa ba su taɓa jin wata doka ba. Ya fi shafar hanyar shiga tashar Jidda. Jirgin kwantena mai gudun uƙda 18 yana cin mil 6 a minti 20, ba ya tsayuwa nan kusa, kuma daga ɗakin matuƙinsa ba a ganin abin da ke dab da goshi. Gwajin karo ɗaya ne: ka auna shi da kamfas, ko ka daidaita shi da wani ƙarfe a jirginka. In yana girma amma bai gusa daga wurin ba, karo za ku yi. Ka bi ta bayansa.

Da dare jirgi na kunna fitilu: ja a hagu, kore a dama, kowanne na haska digiri 112.5, fari a baya digiri 135. Mai inji yana ƙara fari a sama ta gaba. Jirgin iska ƙasa da mita 20 na iya haɗa ukun a fitila ɗaya a kan dirka, amma a kashe ta in an tayar da inji. A kan anka fari ɗaya mai haska ko'ina, da rana baƙar ƙwallo. Busa gajere ɗaya, ina juyawa dama. Biyu, hagu. Uku, injina na ja baya. Biyar a jere, ban gane nufinka ba. In babban jirgi ya yi biyar, da kai yake.

Alamomin mashigi a Saudiyya da Sudan tsarin yankin A suke bi: kana shigowa daga teku, ja a hagunka, kore a damanka. A Amurka akasin haka ne, a kula da bidiyon da ake koyo da su a intanet. Alamomi masu baƙi da rawaya, masu tsini biyu a kai, suna nuna gefen da ruwa ke da lafiya. Tsini biyu sama, bi ta arewa. Biyu ƙasa, ta kudu. Gindi da gindi, ta gabas. Tsini da tsini, ta yamma. Baƙa mai jan ɗamara da ƙwallo biyu a kai tana zaune ne a kan haɗarin kansa.

Rediyon VHF, wanda jirage ke magana da shi, ya zauna a tasha ta 16. In rai na cikin haɗari: Mayday sau uku, sunan jirgi, inda kake, abin da ya faru, yawan mutane. In matsala ce ba ta kai nan ba, Pan-Pan. Ta waya, lambar Haras Hudud, masu tsaron iyaka da gaɓar teku, 994 ce.

Takardu

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai izinin hukuma, akwai shaidar makaranta, kuma ɗaya ba ya maye ɗaya. A Saudiyya Hukumar Sufuri ke rajistar jirgi, Haras Hudud kuma ke kula da izinin fita teku, ana nema ta dandalinsu na Zawil. Kowa a jirgi ya riƙe iƙama ko katin shaida mai aiki. Muddin kana ɗalibi makaranta ce ke ɗaukar nauyin izinin fita. Ranar da za ka tuƙa da kanka, ka zauna da ofishin marina, wato tashar ƙananan jirage, su gaya maka lasisin da ake nema a lokacin da iyakar inda aka yarda ka kai, domin ƙa'idojin ana sabunta su.

Shaidar makaranta da ta fi yaɗuwa ita ce ta ƙungiyar RYA ta Birtaniya, sai ta ƙungiyoyin ASA ta Amurka da IYT. A tsarin RYA, matakin farko da na biyu na ƙaramin jirgi kwana 2 ne kowanne. Competent Crew kwana 5 ne a babban jirgi, ba a bukatar sanin komai kafin shiga. Day Skipper kashi biyu ne: karatun taswira da doka da yanayi na kimanin awa 40, sai kwana 5 a ruwa, kuma ana so ka zo da kwana 5 a teku, mil 100, da awa 4 na tafiyar dare. Da ita, ko da ICC, shaidar iya tuƙi ta ƙasa da ƙasa, da takardar rediyo, kamfanonin haya a Girka da Kuroshiya ke ba mutum jirgi. Kafin ka biya kuɗi, ka duba sunan makarantar a shafin ƙungiyar da take iƙirari, ka tambayi ɗalibi nawa ke kan malami ɗaya, ka kuma ga jirgin ceto da idonka.

Tsakanin kowane mataki da na gaba ka bar watanni na tuƙi. Masu jirage kullum suna neman hannu, musamman ranakun tsere, kuma wanda ya zo da wuri, ya iya ƙulli, ya tsaya wanke gishiri bayan an dawo, za a sake kiransa. Ka buɗe littafin tafiya tun ranar farko: kwanan wata, sunan jirgi, mil, ƙarfin iska, awannin dare, sa hannun kyaftin. Shi za a tambaya idan ka nemi babbar shaidar Yachtmaster Offshore, wadda ke bukatar kwana 50 a teku, mil 2,500, da tafiya 5 masu fiye da mil 60. Rabin wannan dole a yi shi inda ruwa ke cika yana janyewa sosai, abin da tekun Jidda ba ya koyarwa, don haka mai wannan buri ya tsara wasu tafiye-tafiyensa a wani tekun tun da wuri.